Tafin Hannu Biyu Tsakaninka da Kwalta: Zaɓar wa Babur ɗin Tsere Taya

A shekarar 1999 kamfanin Suzuki ya fito da wani babur ya raɗa masa suna Hayabusa. Sunan wani shaho ne a harshen Japanawa, irin wanda kan dunƙule fikafikai ya rikito daga sama ya sure tsuntsu kafin ya ankara. Babur ɗin bai ba sunan kunya ba. Ya haura kilomita 300 a awa guda, har manyan kamfanonin babura suka fara fargabar kada gwamnatocin Turai su sa musu takunkumi. Sai suka yi wata yarjejeniya ta fatar baki, kowa ya ja wa nasa linzami a kusa da kilomita 299. Gudun aka taƙaita, ƙarfin inji kuwa bai daina hauhawa ba. Yau Yamaha R1 da Kawasaki ZX-10R da BMW S1000RR kowannensu na fitar da ƙarfin dawaki wajen 200, alhali nauyin babur ɗin gaba ɗaya kilo 200 ne ko da 'yan kai.

Duk wannan ƙarfi, da birkin da zai tsayar da shi, da kwanciyar da mahayi ke yi a kwana har gwiwarsa ta kusa shafar ƙasa, ta wuri biyu kacal suke bi su isa kwalta. Inda kowace taya ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu ba. Tafi ɗaya a gaba, tafi ɗaya a baya, shi ke nan.

Irin waɗannan babura, da samari ke kira fawa-baik, sun daina zama baƙi a Abuja da Kaduna da Kano. Ranar Asabar da yamma kukansu kake fara ji kafin ka gan su. Mafi yawansu na hannu ne, an hau su a Amurka ko Turai kafin su iso, kuma sau da yawa da tayar da suka zo da ita ake ci gaba da hawa. Mai babur zai canza salansa don ƙara, ya sayi hular kwano mai tsada, ya yi sabon fenti. Taya sai ta sude ko ta yi faci ake tunawa da ita. Barden da ya san doki kuwa, kafin ya dubi sirdi da kayan ado, kofato yake fara ɗagawa.

Wanda ke ganin taya ƙaramin abu ce, ya tuna abin da ya faru a filin tsere na Phillip Island a Ostireliya a watan Oktoba na 2013. An yi wa filin sabuwar kwalta mai kama taya ƙwarai, ta riƙa gasa tayoyin baya fiye da yadda injiniyoyin Bridgestone suka yi lissafi. Kamfanin, wanda a lokacin shi kaɗai ke ba gasar MotoGP taya, ya ce ba zai lamunci tayar baya ta wuce zagaye goma ba. Aka rage tseren daga zagaye 27 zuwa 19, aka wajabta wa kowa ya shigo a tsakiya ya canza babur. Marc Marquez, wanda ke kan gaba a gasar shekarar, ya zarce da zagaye ɗaya kafin ya shigo, aka ɗaga masa baƙar tuta aka kore shi, Jorge Lorenzo ya ci. Baburan ba su canza ba, mahayan ba su canza ba. Kwalta ce ta canza, sai tayar tsere mai tsadar gaske ta zama ba ta dace da wurin ba. Tambayar da ke gaban mai sayen taya ke nan: ba wace taya ce ta fi kyau ba, wace ce ta dace da hanyar da zai bi da irin tuƙin da yake yi.

Rubutun gefen taya

Kafin a kai ga sunan kamfani, akwai rubutun da ke jikin tayar, wanda da yawa ke kallo kamar hatimi. Ɗauki tayar gaba ta kusan kowane babur ɗin tsere na zamani, za ka ga 120/70 ZR17 M/C (58W). Lamba 120 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 70 tsayin gefenta ne, amma ba a milimita ba: kashi 70 cikin ɗari na faɗin. Harafin R na nufin radiyal ce, wato zaren cikinta ya gitta kai tsaye daga baki zuwa baki, irin ginin da ya shigo babura a shekarun 1980, wanda Michelin ta fitar wa kasuwa a 1987. Z kuwa alama ce ta cewa an gina ta don gudun da ya haura kilomita 240. Lamba 17 faɗin da'irar wili ne a inci, M/C kuma ta babur ce ba ta mota ba. Lamba 58 nauyin da za ta iya ɗauka ne, kilo 236. W na nufin kilomita 270 a awa, idan kuma an saka ta cikin baka to ta wuce haka. Tayar baya takan zo da 73W, kilo 365 ke nan, ko 75W, kilo 387. Wanda aka miƙo masa taya mai girma daidai amma harafinta H, wadda iyakarta 210, ya mayar da ita ko da kyauta ce.

A tayar baya ne shaiɗan ke shiga. Masu injin 600 irin su Yamaha R6 da 180/55 suke zuwa, a kan wili mai faɗin inci biyar da rabi. R1 da ZX-10R da 190/55, a kan inci shida. Hayabusa da 190/50. Kowa na son a gan shi da ƙatuwar taya a baya, don haka sai ka ga an cusa 190 ko 200 a wilin da aka yi don 180. Wilin zai matse bakinta, bayanta ya tsuke ya yi tsini, gefen da ya kamata ya kwanta a ƙasa lokacin kwana ya miƙe tsaye ya zama ba ya aiki. An biya kuɗin faɗi, an samu ƙasa da abin da ake da shi. Ko sauya 190/50 da 190/55, wanda mahaya da yawa ke yi da gangan don babur ya fi saurin faɗawa kwana, yana ɗaga bayan babur da kusan milimita goma. A tsohon babur wannan magana ce ta ɗanɗano. A sabon babur mai ABS, wato na'urar hana taya kullewa a birki, da na'urar hana tayar baya sulɓewa, kwamfutarsa na kwatanta juyin tayar gaba da na baya ne bisa girman da ta sani. Ka canza girman ba ka sake saita ta ba, za ta riƙa sa baki inda ba a kira ta ba, ko ta yi jinkiri inda ake buƙatarta.

Maganar zafi

Manyan kamfanoni kowanne na da tayoyinsa hawa-hawa. A sama akwai na filin tsere da aka ɗan tsaga musu zane don doka ta yarda su hau titi, irin su Pirelli Diablo Supercorsa da Michelin Power Cup 2 da Metzeler Racetec RR. A tsakiya akwai na gudu a titi: Bridgestone Battlax S22 da magajiyarta S23, da Pirelli Diablo Rosso IV, da Michelin Power 6, da Metzeler Sportec M9 RR. Daga ƙasa sai na doguwar tafiya, irin su Michelin Road 6 da Pirelli Angel GT II da Bridgestone T32 da Dunlop Roadsmart IV. Idon mai kuɗi a kan na sama yake sauka. Ya ga Pirelli ce ke ba gasar Superbike ta duniya taya tun 2004, ya ga Ducati na fitar da Panigale daga masana'anta da Supercorsa a ƙafa, sai ya ce ai mai tsadar ita ce mai kamun.

Haka ne, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne zafi. Robar tayar tsere ba ta kama ƙasa sai ta gasu. Shi ya sa a filin tsere za ka ga an naɗe tayoyi da bargon lantarki, ana dafa su zuwa wajen digiri 80 kafin mahayi ya fita, shi kuma ya riƙe wannan zafin da birki mai ƙarfi da murɗa totur a kowace kwana. A titi fa? Ka fito daga gida ka shiga cunkoso, ka tsaya a danja, ka rage gudu a shingen jami'an tsaro, ka kauce wa rami. Tayar ba ta kai zafin da aka yi ta dominsa ba, in ma ta kai, minti biyu ya ishe ta ta huce. Tayar tsere mai sanyi ba ta kai tayar doguwar tafiya kamu ba. Ranar da akuya ta tsallako maka da sassafe, ba sunan da ke jikin tayar ne zai tsayar da kai ba.

Wani zai ce ai mu nan zafi ne ya yi mana yawa, a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri na haura digiri 40, kwalta kuwa ko ƙafa ba ta takuwa. Da gaskiyarsa, zafin ƙasarmu na taimaka wa taya ta ɗumama da wuri. Sai dai zafin da ke sa tayar tsere aiki daga cikinta yake tasowa, daga lanƙwasuwa da murzawar da take yi ƙarƙashin nauyi, ba daga rana ba. Abin da rana ke ƙara mata shi ne saurin cinyewa. Ga kuma wani abu da ido ba ya gani: duk lokacin da irin wannan roba ta yi zafi ta huce, tana ƙara tauri. Bayan an maimaita haka sau da yawa zanenta na nan, kamun ya tafi.

Sai ruwa. Tayar tsere kusan sumul take, musamman a gefe, don babu wanda ke sa ran za a kwantar da babur a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tayoyin titi kuwa an tsaga musu hanyoyin korar ruwa, an kuma haɗa robarsu da silika, sinadarin nan da ke cikin yashi, wanda ke sa ta kama ƙasa tun tana da sanyi ko a jiƙe. Wanda ya taɓa hawa babur a ruwan farko na damina, lokacin da ƙurar rani da baƙin mai da gas ɗin da tireloli suka zubar suka taso suka zama kamar miyar kuɓewa, ya san darajar wannan. Abin dariyar shi ne yashin da ke taimakonka a cikin roba shi ne abokin gabarka a kan kwalta. Wanda iskar hunturu ta share ta tara a bakin kwana ko a shataletale, babu tayar da aka ƙera a duniya da za ta kama a kansa.

A ganina, ga mafi yawan masu irin wannan babur a ƙasar nan, tayoyin hawa na tsakiya, na gudu a titi, sun wadatar, wasu ma na doguwar tafiya ne daidai da su. Suzuki da kanta da S22 ta fitar da Hayabusa ta 2021, ba da tayar filin tsere ba. Kuma a dubi hanyoyin da ake bi. Daga Abuja zuwa Kaduna, daga Zariya zuwa Kano, miƙaƙƙiyar hanya ce, babur a tsaye yake awa da awanni, tsakiyar taya kaɗai ke cin ƙasa. Taya mai laushi a irin wannan tafiya takan baje a tsakiya cikin 'yan dubban kilomita, gefenta na nan fil ko taɓa shi ba a yi ba. Da zarar ta baje, babur ya fara gardama: ka nemi ya kwanta ya ƙi, ka matsa masa ya faɗa gaba ɗaya. Don haka ne kamfanoni suka koma yin tayar baya da roba iri biyu ko uku, mai tauri a tsakiya, mai laushi a gefe. Ta doguwar tafiya kan ninka ta gudu daɗewa, kuma a yau kamunta ya wuce iyakar abin da mai hankali zai gwada a titin da ake raba shi da 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu.

Tayar baya ta fi ta gaba saurin ƙarewa, don haka jarabar canza ɗaya a bar ɗaya tana nan kullum. In iri ɗaya ce kuma ta gaban na da sauran rai, babu laifi. Abin gudu shi ne haɗa gambiza, ta tsere a baya ta doguwar tafiya a gaba, ko radiyal da wadda ba radiyal ba. An zana gaba da baya ne su yi aiki tare, siffarsu da lokacin ɗumamarsu ɗaya. A shafa ta gaban da hannu: in ta yi tudu da kwari a gefe kamar an yi mata tsani, birki ya ci ta ke nan, ta tafi tare da 'yar'uwarta.

Ranar haihuwa da kayan gwanjo

Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta daina ƙera taya a Ikeja a 2008. Irin waɗannan tayoyin manyan babura kuwa dama can daga waje suke zuwa, masu sayensu kaɗan ne, don haka sukan daɗe a shago. Wannan ya sa lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT suka fi sunan kamfani muhimmanci a nan. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana shelar cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar ƙera ta. Michelin kuwa shawararta ita ce a riƙa kai taya ga masani duk shekara in ta cika biyar, a cire ta in ta cika goma ko da zanenta bai taɓu ba. Bambancin lissafin ya ta'allaƙa ne ga inda tayar ta yi zamanta. Wadda ta kwana a ɗaki mai sanyi da duhu daban, wadda ta shekara uku rataye ƙarƙashin rufin kwano kusa da janareto ko injin walda daban. Ka lanƙwasa gefenta ka duba ko akwai 'yan tsage-tsage, ka danna farce ka ji ko ta zama kamar fatar ganga.

Dokar kwastan ta hana shigo da tayoyin gwanjo, waɗanda aka riga aka hau a waje, amma kasuwa ba ta rasa su ba. Mai shago zai jawo maka ɗaya ya ce, “Alhaji, wannan 'yar Beljiyam ce, dubi tsakiyarta, ko hawa ba a yi ba.” Dubi tsakiyar, amma ka fi duban gefen. Akwai wasu da aka cire daga baburan masu zuwa filin tsere a ƙasashen waje: tsakiyarsu sabuwa fil domin a fili kusan kullum babur a kwance yake, gefensu kuwa ya yi ƙuraje-ƙurajen narkakkiyar roba, wani lokaci da wani shuɗi-shuɗi. Wannan an dafa ta an sauke, an dafa an sauke, mai ita ya ji ta fara sulɓewa ya cire. Kyan ɗan maciji ne da ita. Ban da wannan, ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita babu iska ba, kuma karayar zaren ciki ba ta nunawa a waje sai ranar da ta nuna a kan gudu.

Iska da mai faci

Tayar da aka zaɓa da kyau, iska ce ke gyara ta ko ta ɓata ta. Yawancin manyan baburan Japan 36 suke nema a gaba, 42 a baya, a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, amma hukuncin na takardar da ke manne a jikin babur ne ko littafinsa, ba lambar da ke gefen taya ba, domin waccan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Da safe ake aunawa, tayar na da sanyi. Bayan tafiya iska kan hau, kuma wanda ya sace ta a lokacin ya bar tayar da yunwa. Ƙarancin iska na sa gefen taya lanƙwasuwa fiye da kima, ta yi zafi ta ciki, wannan kuwa shi ne kan gaba wajen fashewar taya a doguwar hanya. Samari kan ji cewa 'yan tsere na rage iska don ƙarin kamu, su ma su rage. A fili ne ake yin haka, da taya ta musamman da injiniya riƙe da geji, kuma ko a can ɗin MotoGP ta fara hukunta mahayin da ya yi tsere da iskar da ba ta kai ƙa'ida ba tun 2023. Gejin aljihu na kanka ya fi amfani a kan duk wata sitika da za ka manna, don gejin bakin titi ya sha faɗuwa, wani mai facin ma da babban yatsa ko bugun ƙarfe yake aunawa.

Ba raina masu faci nake yi ba, su suka riƙe ƙasar nan a kan taya. Amma hannun da ya saba da Boxer da Jincheng, da ƙarfen ɓanɓara da guduma, yana iya yi wa wilin alminiyam lahanin da ya fi kuɗin tayar. A nemi inda ke da injin cire taya. In babu, a tsaya a kai. A cire faifan birki ko a ɗora wilin a kan katako don kada faifan ya lanƙwashe, a kula da zoben ABS da na'urar auna iska in akwai ta a ciki. Ruwan sabulu ake shafa wa bakin taya, ba baƙin mai ba, don mai na cin roba kuma yana sa taya ta zame a kan wili. A dubi kibiyar da ke nuna inda za ta juya, don an sha saka ta a baibai. A canza bawul tare da tayar, a rufe shi da murfi mai roba a ciki, saboda a gudu mai yawa juyin wili na iya danne ƙwayar bawul iska ta riƙa sulalewa. A kuma yi balansin. Rashinsa ba ya damun mai tafiya a kan 60, amma a kan 160 kan babur zai riƙa karkarwa a hannunka.

In ƙusa ta shiga, igiyar da ake cusawa daga waje ta kai ka gida ce kawai. Gyaran da kamfanoni suka yarda da shi, su ma ba duka ba, shi ne a cire tayar a duba cikinta a toshe daga ciki, kuma sai in ramin ƙarami ne a tsakiya. Hujin gefe ba shi da magani. A cikin zanen taya akwai 'yan tudu da aka dasa, wasu da alamar TWI a gefe. Ranar da roba ta sude ta yi daidai da su, ta gama aiki, ko da mai faci ya ce, “Oga, wannan za ta kai ka sallah.”

Sabuwar taya na fitowa da santsi, kuma siffarta ba irin ta tsohuwar da hannunka ya saba da ita ba ce. Babur zai riƙa faɗawa kwana da sauƙin da zai ba ka mamaki. Kamfanoni na ba da shawarar wajen kilomita 160 na farko a bi a hankali, ba birkin gaggawa, ba fizgar totur, ana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan har gefen ya goge. Wurin da ya fi haɗari a duk wannan tafiyar shi ne kwanar farko daga bakin shagon, inda ga ruwan sabulu bai bushe ba, ga yashi, ga yaran shago sun tsaya suna jiran su ji kukan inji.